Mutumin da Ya Fara da Ramin Ƙarshe

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin rafi, shi da matarsa. Ba su da wata dukiya sai rijiya ɗaya a fadama, da jigon da suke ɗebo ruwa da shi. Duk rani sukan noma albasa da tumatir da ɗan barkono, su ci, su kai saura kasuwa. 'Ya'yan da Allah ya ba su kuwa ba su rayu ba.

A garin nan ƙasar fadama ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan rani ya shigo, mai unguwa ne yake rabawa. Inda mutum ya sa ƙarfe ya yi aiki, an bar masa. Inda ya bari fili, sai a ba wani. Akwai kuma dokar da kowa ya sani: ba a ratsa fangalin wani da ruwa. Duk abin da za ka shayar, dole ya kasance a jere, wannan kusa da wancan, a kan hanyar ruwanka kai kaɗai.

Wata rana mutumin ya ce wa matarsa, "Ƙarfina ya fara raguwa. Albasa duk shekara sai ta ci ƙarfin mutum sabo, itace kuwa sau ɗaya ake dasa shi. Ina so in yi lambun mangwaro, in bar miki abin da zai ciyar da ke ko ba na nan."

Ta ce, "Maigida, bar wannan magana. Ina za ka?"

Amma ta san gaskiya ya faɗa. Idan ya riga ta tafiya, ba ta da ɗa, ba ta da gona, ba ta kuma da ƙarfin noman rani.

A hayin rafi akwai wani tsoho mai haɗa auren mangwaro, wato ya ɗauko reshen mai zaƙi ya ɗaura a jikin mai ƙarfin saiwa. Hannunsa ya fara rawa, masu jira kuma suna da yawa, don haka ba ya ba mutum dashe da yawa a lokaci ɗaya. Bana biyu, baɗi uku, wata shekara ma ɗaya. Mutumin ya je ya karɓo uku. A ranar kuma taubashinsa, wanda suke wasa tun suna yara, shi ma ya karɓo uku.

Taubashin mutum ne mai zafin nama. Kafin rana ta take ya dasa nasa a gindin rijiyarsa, ya ba su ruwa, ya tafi kasuwa yana fito.

Da matar ta kawo wa mijinta abinci, sai ta tarar da dashensa uku a inuwa, ba a taɓa su ba. Ta duba nan, ta duba can, sai ta hango shi nesa, ƙanƙane kamar tsuntsu, yana sara ƙasa da dagi. Ta bi sawun danshi har ta isa wurinsa, gama tun da safe ya saki ruwan rijiya ya bi shi a baya, don ya ga iyakar inda zai kai kafin ƙasa ta shanye shi. Inda ruwan ya tsaya, nan ya tsaya.

Ta sauke ƙwarya ta ce, "Maigida, lafiya? Ga dashe can suna jiranka, kai kana ƙarshen duniya kana haƙa?"

Ya ce, "Wannan shi ne ramin ƙarshe."

"To, ai da na farko ake farawa."

Ya share gumi ya ce, "Idan na fara da na farko, gobe wani zai yi fangali a inda na huɗu zai zauna. Amma idan na haƙa na ƙarshe, na ja hanyar ruwa daga rijiya zuwa nan, duk abin da ke tsakani ya shiga hannunmu."

Ta ce, "Me ya sa ba ka ƙara gaba ba, tun da abin kama wuri ne?"

Ya ce, "Ruwanmu bai kai can ba. In na kama, na tare wa wani ne a banza."

Ramin nan bai bar shi rami kawai ba. Ya zuba taki a ciki ya gauraya da ƙasa. Ya kafa turken da za a ɗaure dashe don kada iska ta karya shi. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya yi masa 'yar ƙofa daga hanyar ruwa, ya toshe ta da hoge. Da ya gama, ya tsaya ya dube shi sosai, sa'an nan ya auna tazara da igiya, ya yi wani irinsa sak. Ya yi wani, ya yi wani, yana tahowa baya baya zuwa rijiya, har suka cika arba'in. Sai a lokacin ya dasa ukun nan a bakin rijiya.

Ranin ya ƙare a haƙa. Ba su yi albasa ba, ba su yi tumatir ba. Abin da ke rumbu suka yi ta lallaɓawa, miya kuwa kuka ce yau, kuka ce gobe.

Taubashin yakan biyo ta wurin da kwandon albasa a ka, ya tsaya ya riƙe baki. "Kai bawana! Annoba ake jira ne? Kaburbura jere reras, ba gawa ko ɗaya!"

Mutumin yakan ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Zaɓi wanda ya yi maka. Kai gajere ne, kowanne zai ɗauke ka."

"Matarmu, tattara kayanki ki dawo gidana. A can ana cin miya da albasa."

Takan yi dariya, gama wasa ne. Amma in ta je rafi ɗiban ruwa ta ji mata sun yi shiru da ganinta, abin yakan dame ta. Wata rana ta sami mijinta yana sabunta ƙayar wani rami da babu komai a cikinsa, sai haƙurinta ya ƙare.

"Akuya me za ta ci a nan? Iska?"

Ya ce, "Ranar da dashen zai zo, ba na so a ce sai an tafi neman ƙaya."

Ta juya ta tafi gida.

Shekara ta kewayo, tsohon ya ba kowannensu biyu. Taubashin ya ɗauko nasa da murna, ya iso gindin rijiyarsa, sai ya tsaya. Dama da itatuwansa tumatir ɗin wani ne, hagu albasar wani. Ba inda zai sa su a jere da na da, ruwansa kuma ba zai ratsa fangalin kowa ba. Ya tafi wurin mai unguwa, aka nuna masa wani fili a gaba. Ya auna daidai wurin itace biyar, gama ya ce me zai yi da wurin abin da ba shi da shi? Ya haƙa sabuwar rijiya, ya kafa jigo, ya tumɓuke ukun nan da ƙasarsu, ya kai su, ya dasa su tare da sababbin.

Da wata shekara ta zo aka ba shi ɗaya, haka ya sake yi. Saboda dashe ɗaya, sai da biyar suka tashi. Kowace ƙaura kuma ta fi ta baya nauyi, gama itatuwan sun ƙaru, sun kuma yi girma, saiwoyinsu sun nutse. In ya tumɓuke sai ka ji suna tsinkewa a ƙarƙashin ƙasa. Ba rago ba ne, kada wani ya ce rago ne. A duk fadamar ba wanda ya kai shi zub da gumi. Sai dai yawancin guminsa a ɗaukar abin da ya riga ya dasa ya ƙare. Itatuwan su kaɗe ganye, su farfaɗo, kafin su yi fure an sake ɗaga su.

Shi kuwa mutumin, in dashe ya zo, sai ya je ramin da ke biye, ya janye ƙaya, ya sa shi, ya ɗaure a turke, ya mai da ƙaya, ya ture hoge da ƙafa, ruwa ya shiga. Matar takan ajiye abinci, kafin ya huce ya gama ya wanke hannu. Na farkon ba wanda ya taɓa su tun ranar da aka sa su. Suka yi rassa, suka fara 'ya'ya. Ranar da ya tsinko na fari, bai ci ba, sai ya kawo mata a cikin hularsa.

Cikin wata damina zazzaɓi ya kama shi. Bai daɗe a kwance ba ya rasu. A lokacin rabin ramukan ko dashe ba su gani ba.

Da aka share makoki, mutane suka watse, matar ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Sai ta ɗauki fartanya ta gangara fadama. Ruwan sama ya zuba yashi a ramukan da ba kowa, ciyawa ta rufe su, ƙaya ta kwanta. Ta durƙusa ta fara kwashe yashin na kusa. Ƙasar ciki ta same ta da laushi, baƙa wuluk da taki. Ta sa fartanya ta sari gefen ramin, inda dagi bai taɓa ba, sai fartanyar ta yi tsalle kamar ta sari dutse. Nan ta zauna a ƙasa. Ta gane cewa wannan ƙasa ba za ta taɓa iya haƙa ta ba, ko rami ɗaya. Kwashe yashi kuwa tana iyawa. Ta yi kuka har ta gaji, sa'an nan ta tashi ta ci gaba. Kullum takan gyara kaɗan, ta tada turke, ta sabunta ƙaya, har ta kai na ƙarshe.

Rani ya shigo, ranar rabon fadama ta zo. Waɗansu mutane suka ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, mai wurin nan ya rasu. Mace ce ita kaɗai, rabin wurin kuma ba komai a ciki. A bar mata inda itatuwa suke, a raba mana saura."

Matar tana tsaye a gefe. Ta san in aka yanke wurin, lambun ya tsaya ke nan, abin da ya rage kuwa ba zai riƙe ta ba.

Mai unguwa ya nufi rijiyar. Ya kama hanyar ruwa daga bakin rijiya yana dogara sanda, su suna biye, ita tana bayansu. Ya wuce itatuwa, ya iso ramukan. A kowanne yakan tsaya ya leƙa: ga taki, ga turke, ga ƙaya, ga ƙofar ruwa da hogenta. Haka har ƙarshe. Sa'an nan ya juyo.

"Ku nuna mini inda ba a yi aiki ba."

Ɗayansu ya ce, "Amma ai ba itace a ciki."

Mai unguwa ya ce, "Ni ban ga fili a nan ba. Na ga wurin da masu shi ba su iso ba tukuna. Ku zo mu duba gaba."

Daga nan matar ta ci gaba da haye rafi wurin tsohon, bana biyu, baɗi ɗaya. Ta janye ƙaya, ta sa, ta ɗaure, ta ture hoge. Manyan itatuwan suna ciyar da ita, ƙananan suna tasowa. Ramuka suka yi ta cika, har ya rage saura ɗaya, wanda aka fara haƙawa.

Wata safiya tana shara a gindin itatuwa, sai ga taubashin mijinta da jaki. A kan jakin akwai itacen mangwaro guda, an sassare rassansa, an naɗe saiwarsa da tsumma jiƙaƙƙe. Taubashin ya tsufa, ya rame. Ya yi sallama, ya tsaya yana murza igiyar jakin.

"Matarmu," in ji shi, muryarsa ba wasa a ciki, "nawa duk sun bushe. Wannan kaɗai ya rage, ɗaya ne cikin ukun da muka karɓo rana ɗaya da ɗan'uwana. Inda yake an kewaye ni, rijiyar kuma ta ƙafe. Ba ni da ƙarfin haƙa wata. Ba don ni ba, don itacen. Ko akwai wuri?"

Ta dube shi, ta dubi itacen. Ta ce, "Cikin kaburburan?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ɗan'uwanka ya ce ka zaɓa, kowanne zai ɗauke ka. Ka yi ta jan ƙafa, ga shi saura ɗaya. Ja jakinka mu je."

Ya yi dariya, hawaye suna zuba a gemunsa. Suka bi hanyar ruwa har ƙarshe. Ta janye ƙaya, suka sauke itacen a ramin, suka ɗaure shi a turke. Shi ya koma bakin rijiya ya kama jigo yana ɗebowa yana zubawa, ita ta toshe ƙofofin sauran, ta ture hogen na ƙarshe, ta tsaya tana jira. Ba a taɓa sakin ruwa zuwa nan ba tun ranar da mijinta ya bi shi a baya. Ta hango shi yana tahowa a hankali, yana tura busassun ganye a gabansa, yana raguwa, yana sirancewa. Ya iso bakin ramin, ya ɗan tsaya, sa'an nan ya gangara ciki.

Daidai inda ya auna.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa da yarana, ga ta. Amma bari in fara gaya muku inda na samo shi, gama ba hikimata ba ce. Daga bakin 'yata Afiniki na ji shi, wadda Ubangiji ya ɗauka bara kafin kaka. Da yawanku kun san ta, a cocin nan, a kan bencin nan ta koyi waƙa. Aikinta shi ne rubuta wa kwamfuta umarni, tana lissafin ruwan sama da cikar kogi, don a gargaɗi mutanen da ke zaune a gangare kafin ambaliya ta same su.

Wata rana da ta zo hutu muna ɓarar gyaɗa, na ce ta gaya mini abu ɗaya daga aikinta wanda zan iya riƙewa. Ta yi tunani, ta ce, "Mama, na'urar nan tana da wurin ajiya, ayyuka da yawa ne kuma suke rabonsa. Kowane awo da zan ajiye, abubuwa ne a haɗe: sunan wurin, da ranar, da yawan ruwan da ya sauka, da tsayin kogi. Ita kuwa a jere take son su. In ban gaya mata tun farko guda nawa ke zuwa ba, duk sa'ad da sabo ya zo ta tarar ba wuri a gefe, sai ta nemi wuri mafi faɗi, ta kwashe na da gaba ɗaya ta kai can, sa'an nan ta ƙara sabon. In guda goma ne, ba wanda zai lura. In dubbai ne, aikin da za a gama kafin ki tafasa ruwa sai ya kai yamma, rabinsa kwashe-kwashe ne ba lissafi ba. Don haka kafin in fara, nakan tambayi kaina nawa ne za su zo, in kama musu wuri duka, kowanne da gurbin suna da na rana da na ruwa, ko da ba komai a ciki. Kin san dabarar? Na ƙarshe nake fara rubutawa. Da na sa shi, sai ta buɗe wurin duk na tsakani."

Na ce mata, "Ashe na'urar taku ma manomiya ce." Ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

To, lambun nan ranka ne, da gidanka. Dashen da ke zuwa ɗaya ɗaya, su ne abubuwan da Allah yake aiko mana ba tare da ya faɗi rana ba: baƙo, maraya, maƙwabci mai ciwo, tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa, wanda ya yi maka laifi ya dawo da kai a sunkuye. Yawancinmu taubashin nan ne. Ba mugaye ba ne mu, ba ragwaye ba. Muna auna ranmu daidai da abin da ke hannunmu yau, ba mu bar gurbi ko ɗaya. In wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai gida duka ya tashi: a ɗaga wannan, a soke wancan, a yi faɗa da miji, a huce a kan yara. Har mu gaji, mu ce taimako wahala ne. Ba taimakon ne ya gajiyar da mu ba, tumɓuke-tumɓuken ne.

Ka kama wurin tun bai zo ba. Lokacin addu'a, ka keɓe shi tun kana lafiya. Mudun hatsi na baƙo, ki ware shi ranar da ake zuba rumbu. Gafara ma ana haƙa raminta tun mai laifi bai tuba ba. Za a yi maka dariya, a ce kana kewaye iska da ƙaya. Bar su. Amma ka auna iyakar ruwanka, kada ka yi alkawarin da rijiyarka ba za ta kai ba.

Akwai kuma abu ɗaya da ya fi waɗannan, shi ne ya riƙe ni a ranar da aka zo aka gaya mini Afiniki ta rasu. Allahnmu da ramin ƙarshe yake farawa. Tun ba a haife mu ba ya shirya inda za mu ƙare, sa'an nan ya ja hanyar ruwa daga can zuwa yau. Da 'yata ta isa wurinsa, ba a ce mata ta tsaya a waje a nemo wuri ba. Ba a tumɓuke kowa ba saboda ita. An janye ƙaya, an sa ta, an saki ruwa.

Ku yara, kullum kuna tambayata me ya sa nake share bencin can na baya duk Lahadi, alhali ba wanda yake zama a kai. Ba fili ba ne. Masu shi ne ba su iso ba tukuna.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.